Kumburin ƙafa ɗaya ba na tausa ba ne: gudan jinin da ke toshe huhu



Akwai wata irin mutuwa da babu unguwar da ba ta san ta ba. A wurin zaman makoki sai ka ji ana cewa, "Wallahi lafiyarta lau, shekaranjiya fa anka yi suna." Ko kuma, "Ai ya samu sauƙi har an sallamo shi daga asibiti, miƙewa kawai ya yi zai kewaya, sai ya yanke jiki ya faɗi." Wani kuma a ce da ƙafarsa ya sauko daga kar a tasha, amma bai kwana ba. Mukan ce mutuwar fuju'a ce, mu yi wa mamaci addu'a, mu watse. Da yake a ranar muke kai mamacinmu makwancinsa, kuma ba a cika binciken gawa ba, sai sanadin ya bi shi kabari.

Ajali gaskiya ne, ba mu da ja. Amma wani kaso na irin wannan mutuwa yana da suna a wurin likitoci, yana da magani, kuma sau da yawa yakan aiko da ɗan saƙo kwana biyu ko sati guda kafin ya iso. Shi ne toshewar jijiyoyin huhu da gudan jini. A asibiti za ku ji likita ya kira shi da Faransanci "amboli pilmoner", kumburin ƙafar da ke haifar da shi kuma ya ce "filebit". Ra'ayinmu a yau guda ɗaya ne: ya kamata mu sa kumburin ƙafa ɗaya da yankewar numfashi na farat ɗaya a sahun saran maciji da zubar jini bayan haihuwa. Waɗannan biyun ba mai cewa a bari sai gobe. To wannan ma haka yake.

Bari mu fara da yadda abin ke faruwa a cikin jiki, don wanda ya gane hanyar ɓarawo shi ke sanin inda zai toshe.

Daskarewar jini rahama ce. Da jini ba ya daskarewa, da yankan aska ma ya isa ya halaka mutum. Matsala tana zuwa ne idan ya daskare a cikin jijiya, inda ba a buƙatarsa, kuma yawanci a manyan jijiyoyin da ke can cikin naman sharaɓa, ko cinya, ko ƙugu. Jinin ƙafa hawan tudu yake yi kafin ya koma zuciya, kuma abin da ke tura shi sama shi ne motsin naman sharaɓa. Duk takun da mutum ya yi, naman nan yana matse jijiya kamar hannun mai tatsar nono. Idan mutum ya daina takawa, sai jinin ya kwanta. Uwargida ta san abin da ke samun kunu idan aka bar shi ba damawa: gudaji.

Wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, tun a tsakiyar ƙarni na 19 ya nuna cewa gudan da ake tararwa a huhun mamaci daga ƙafa ya taso. Har yau da sunansa likitoci ke kiran abubuwa uku da ke sa jini ya yi guda a jijiya: jini ya kwanta ba gudu, ko jijiya ta ji rauni, ko jinin kansa ya ƙara saurin daskarewa. Ranar haihuwarsa, 13 ga Oktoba, ita aka mayar ranar wayar da kai kan wannan ciwo a duniya tun 2014.

Gudan nan idan ya zauna a ƙafa, kumburi da ciwo yake kawowa. Idan ya ɓalle, sai jini ya ɗauke shi ya haura ta babbar jijiyar ciki, ya ratsa ɓarin dama na zuciya, ya shiga jijiyoyin huhu. Su kuwa jijiyoyin huhu ƙara tsukewa suke yi kamar rassan itace, don haka dole ya maƙale wani wuri. Ku tuna yadda gulbi ke kwaso kututture da damina ya cusa shi a bakin gada, ruwa ya rasa hanya. Zuciyar babban mutum tana tura kusan lita 5 na jini a kowane minti, kuma dukkansa sai ya bi ta huhu ya ɗauki iska. Idan ƙaramin guda ne, mutum zai ji haki da sukar ƙirji. Idan babba ne ya toshe bakin hanya, zuciya za ta tura ta tura ta gaji, cikin ƴan mintoci a rasa mutum.

Kada wani ya ce ciwon Turawa ne. Abin da ya bambanta mu da su, su suna ƙirgawa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa mutum 60,000 zuwa 100,000 ke mutuwa a can kowace shekara sanadin gudan jini a ƙafa da huhu, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda gudan ya kai wa huhu, mutuwar farat ɗaya ce alamarsu ta farko. Ku juya lissafin ku gani: sauran ukun suna samun gargaɗi. Likitoci sun daɗe suna ƙiyasta cewa idan ba a yi magani ba, kusan kashi 30 cikin 100 ke mutuwa, idan kuwa aka gano da wuri aka sa magani, adadin yana sauka ƙasa da kashi 10. Tsakanin lambobin nan biyu akwai rayukan iyayenmu mata, kuma abin da ke raba su sau da yawa shawara ce da ake yankewa a tsakar gida: a tafi yau, ko a ɗan dakata a gani.

Su wa abin ya fi kamawa? Na farko, mai ciki da mai jego. Jikin mace idan ta ɗauki ciki yana ƙara wa jini ƙarfin daskarewa, don kada ta zubar da jini ya ƙare ranar haihuwa. Ga shi kuma mahaifa tana danne jijiyoyin ƙugu, musamman na hagu, shi ya sa ƙafar hagu ta fi kumbura. Haɗarin mai ciki ya ninka na wadda ba ta da ciki sau huɗu zuwa biyar, kuma ya fi tsanani a sati shida na bayan haihuwa. Sati shida kwana 42 ke nan. Arba'in ɗinmu ce cif, har da gyara. A ƙasar da mace ke haihuwar kimanin ƴaƴa shida a matsakaicin lissafi, ta wannan ƙofa take wucewa kimanin sau shida. Idan kuma sezariyan aka yi mata, haɗarin ya ƙaru. Tun 2005 gwamnati ta mayar da sezariyan kyauta, kuma matakin ya ceci mata da yawa. Amma fitowa daga ɗakin tiyata ba shi ne ƙarshen haɗari ba.

To mu me muke yi wa mai jego a cikin arba'in? Don so da tausayi muke ce mata, "Kwanta ki huta, kada ki motsa." A hutar da ita daga daka, da jan ruwa, da ɗaukar itace, wannan al'ada ce mai kyau, a riƙe ta hannu biyu. Amma hutu daban, wuni a kan gado daban. Ta riƙa tashi tana zagaya tsakar gida sau da yawa a wuni, tana shan ruwa sosai. Wankan jego da tafasasshen ruwa yana fitar da gumi, balle a zafin Afrilu da Mayu da ake haura digiri 40, kuma ruwan da ya fita sai an mayar da shi. Wata magana kuma da iyayenmu mata ya kamata su ji: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya, daga baya kuma a Yamai, sun yi rubutu kan raunin zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka kuma yi zargin cewa yawan kunun kanwa da tsananin zafin wanka suna da hannu a ciki. Shi ma da haki da kumburi yake zuwa, kuma zuciyar da ta yi rauni ita kanta tana sa jini ya yi guda. Don haka mai jegon da ke haki, ko wanne ne daga cikin biyun, asibiti ce wurinta.

Na biyu, wanda ya karye, da wanda aka yi wa tiyata, da duk wanda jinya ta kwantar. Kowa ya san yadda haɗarin kabu-kabu ya yawaita a garuruwanmu. Saurayi ya karye a cinya, a kai shi wurin maɗori, a ɗaure da karare, ya yi sati uku ko huɗu a kan tabarma. Ba mu raina aikin maɗora, sun ɗora ƙasusuwan kakanninmu. Amma ku duba, abubuwan nan uku duk sun haɗu a kansa: jijiya ta ji rauni, jini ya kwanta, kuma jikin da ya ji rauni yana ƙara saurin daskarar da jini. A asibiti, mai irin wannan karaya akan yi masa ƴar allura a fatar ciki kullum don hana gudan. A kan tabarma babu wannan. Haka tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, da mai ciwon daji, da mai tarin fuka, da mai ciwon zuciya, da mai ƙiba sosai, da wanda abin ya taɓa kamawa ko ya kama jininsa. Masu sikila, wadda wasu ke kira emasi, su ma jininsu ya fi saurin yin guda, kuma da yake sun saba da ciwon ƙirji da na gaɓoɓi, sai a ce ai ciwon ne da aka saba.

Akwai kuma ƙwayar tazarar haihuwa, irin mai haɗin sinadari biyu. Tana ƙara haɗarin, musamman ga mai shan sigari ko wadda ta taɓa yin gudan jini, shi ya sa ba a ba mai shayarwa ita a farkon jego. Amma kada a ɗauki wannan a tsorata mata: ciki kansa ya fi ƙwayar haɗari, kuma akwai wasu hanyoyin, kamar ashanar hannu da robar mahaifa, da ba su da wannan matsala. Abin da muke cewa shi ne a karɓa daga hannun sajfam bayan ta yi tambayoyinta, ba daga tiren mai talla ba.

Na uku, matafiya. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bincike cewa zaman tafiya na awa huɗu ko fiye, a jirgi ne ko a mota, yana ninka haɗarin kusan sau biyu, kuma haɗarin na iya bin mutum har sati huɗu bayan ya sauka. Ga mai lafiya abin kaɗan ne, kusan mutum ɗaya cikin 6,000. Amma awa huɗu a wurinmu ai ba tafiya ba ce. Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, sama da awa 12 a kujera ɗaya, gwiwa a naɗe, jaka a ƙarƙashin ƙafa. Ga mata ƴan kasuwa masu zuwa Kano da Kwatano da Lome. Ga samarin da ke ƙetare sahara daga Agadas a bayan mota, ƙafafu na reto kwana da kwanaki. Ga alhazai, yawancinsu dattawa, da ke zaman jira a filin jirgi kafin zaman jirgin kansa. Kuma mu faɗi gaskiya, da yawanmu, musamman mata, da gangan muke ƙin shan ruwa a hanya don kada fitsari ya kama mu direba ya ƙi tsayawa. Idan matafiyin nan mai ciki ce, ko mai jego da za ta gida wanka, ko wanda aka yi wa tiyata a Yamai zai koma ƙauye, to ƙaramin haɗarin ya zama babba.

Rigakafin kuwa ko dala ba ya ci. Duk inda kar ta tsaya, Doso ne, Dogon Dutsi ne, Ƙonni ne ko Madawa, a sauka a taka, ko da ba abin da za a saya. Tsayuwar salla ma kanta tana miƙe jijiya. A cikin kujera kuma a riƙa ɗaga dunduniya ana saukewa, kamar tela yana taka keken ɗinki, sau ashirin ko talatin a kowace awa. A sha ruwa. A cire jaka daga ƙarƙashin ƙafa.

Yanzu ga saƙon da muke so kowa ya haddace. Alamar ƙafa: ƙafa ɗaya ta kumbura ta bar ƴar uwarta, sharaɓa ko cinya tana ciwo kamar an ɗaure, wurin ya ɗauki zafi, fata ta yi sheƙi ko ta ƙara duhu. Idan akwai awon tela a gida, a auna sharaɓa biyun a wuri ɗaya. Bambancin da ya wuce santimita 3 likitoci ma suna lissafa shi, amma rashin awon tela ba hujjar zama ba ce. Kumburin ƙafa biyu a ƙarshen ciki abu ne da aka saba gani, sai dai idan ya haɗa da fuska da hannu da ciwon kai, wannan kuma alamar hawan jinin ciki ce, shi ma na gaggawa ne. Alamar huhu: numfashi ya yanke farat ɗaya ba gudu ba aiki, ƙirji yana suka idan an ja iska, zuciya tana bugawa da sauri, jiri ko suma, wani lokaci tari da jini. Kuma a sani, kusan rabin masu gudan jini a ƙafa ba sa ganin komai a ƙafar. Don haka mai haki kada a ce, "Ai ƙafarta lau."

A nan ne muke yin ɓarnar da ta fi kowace, kuma da kyakkyawar niyya. Ƙafa ta kumbura, sai a ce sanyi ne, a kira mai tausa, a shafa man zafi a murza da ƙarfi. Ko a kira wanzami ya yi ƙaho, ya yi tsaga don a fidda "mataccen jini". Ko a ce ta taka sammu. Jama'a, gudan yana can cikin zurfin nama inda ƙaho ba ya kaiwa, kuma murza ce ke iya ɓalle shi ta tura shi huhu. Hannun da ke tausa don ƙauna shi ne zai iya buɗe wa abin hanya. Idan kuma ƙirji ne, sai a ce haƙarƙari ne, a aiki yaro wurin mai farmasin ƙasa ya sayo kafso na dala ashirin. Idan ta suma ta farfaɗo, sai a ce iska ce. Kwana uku ana wannan, ranar ta huɗu a shimfiɗa tabarmin makoki.

Har a asibiti ma abin yana iya ɓuya, don yana kama da ciwon haƙarƙari, da fuka, da tarin tibi, da ciwon zuciya. Hoton ƙirji na yau da kullum, wanda muke ce wa radiyo, sau da yawa fes yake fitowa ko da gudan yana nan. Sai mutum ya koma gida da murna wai hoto bai nuna komai ba. Abin da ke nuna shi a ƙafa shi ne eko na jijiya, a huhu kuma sikanar da ake yi da allurar ruwa mai haska jijiyoyi. Amma kafin na'ura, labari ne ke sa likita ya yi zargi. Don haka kada ku tsaya a "ƙirjinta ke ciwo." Ku ce: ta haihu kwana goma da suka wuce, sezariyan aka yi, ƙafarta ta hagu ta kumbura tun Talata. Ku ce: jiya ya sauka daga Agadas. Ku ce: watansa guda a kwance da karaya. Sannan ku yi tambaya cikin ladabi, "Likita, ko gudan jini ne?"

Kada ku ji kunyar wannan tambaya. Serena Williams, Ba'amurkiyar nan zakarar wasan tanis ta duniya, gudan jini ya taɓa toshe mata huhu a 2011. A 2017, washegarin da aka ciro mata ɗiyarta ta sezariyan, sai ta ji numfashinta yana yankewa. Ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya cewa a yi mata sikanar a sa mata maganin tsinka jini. Kamar yadda ita kanta ta bayar da labari, da farko an ɗauka maganin ciwo ne ya rikita ta. Ta nace, aka yi sikanar, sai ga gudaji a huhunta. Mace mai kuɗi da suna, a Amurka, sai da ta nace kafin a saurare ta. To ina ga ƴar ƙauye mai shekara 19 da aka koya wa cewa jarumar mace ba ta raki? Ita ba za ta nace ba. Mijinta da uwarta da uwar mijinta su ne bakinta.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce asibiti nisa, motar asibiti sai an zuba mata mai, sikanar kuɗi ne masu yawa, kuma sai a manyan asibitoci irin na Yamai, Maraɗi da Damagaram. Za su ce, idan muka sayar da akuya muka je aka ce ba komai fa? Haka ne, ba kowane kumburi ne gudan jini ba, kuma da yawa za su je a ce musu wani abu ne daban. Amma ku auna asarar biyu. Wanda ya je aka ce ba komai, kuɗin mota ya rasa. Wanda ya zauna abin ya tabbata, uwar ƴaƴansa ya rasa, ga jinjiri ba nono, kuma akuyar nan dai sai an sayar da ita don sadakar uku da ta bakwai. Sannan ba dole sai an kai Yamai kafin a fara ceto ba. Idan alamu sun yi ƙarfi, likita yana iya fara allurar tun kafin a samu hoto. Matakin farko shi ne CSI mafi kusa, a ranar, majo ya duba ya tura gaba. Mai haki kada a sa shi takawa, a ɗauke shi, a jingine shi a zaune. Wanda ke Yamai ya kira SAMU a lamba 15.

Masu cewa "idan kwana ya ƙare ba makawa" kuma, ba mu musanta ba. Amma ba mu taɓa ganin wanda maciji ya sari ɗansa ya zauna yana wannan magana ba. Ɗaukarsa yake yi a guje, yana addu'a a hanya. Neman magani da tawakkali ba kishiyoyi ba ne.

Maganin kansa sananne ne. Allurar eparin ce, ko ƴar uwarta da aka fi sani da Lovenox, daga baya a koma ƙwaya irin su Sintrom ko Xarelto. Muna ce musu masu tsinka jini. Aikinsu shi ne hana gudan girma da hana sabo fitowa, jiki kuma ya narkar da tsohon a hankali. Shi ya sa ake shan su aƙalla wata uku, kuma wanda ya daina don ya ji sauƙi a sati na biyu ya mayar da kansa baya. Mai shan Sintrom sai ana auna jininsa a kai a kai, kuma kada ya sauya yawan ganyen da ya saba ci, irin su zogale, ba tare da ya faɗa wa likita ba. Mai ciki allura ake yi mata, ba ƙwaya ba. Duk mai shan waɗannan magunguna ya nisanci asfirin da diklofenak da ibuprofen na kan tire, ya nisanci ƙaho da tsaga da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, don jini zai iya ɓallewa. Kuma kada wanda ya karanta wannan rubutu ya je ya saya ya sha da kansa. Wuƙa ce mai kaifi biyu, sai a hannun likita.

Ba talaka kaɗai ke da aiki a gabansa ba. Ga sajfam da ma'aikatan jinya: kafin a sallami mai jego ko wanda aka yi wa tiyata, a ɗauki minti biyu a faɗa mata alamun nan da Hausa, a gaban mijinta ko mai jinyarta, a kuma tayar da majinyaci ya taka da zarar likita ya yarda. Ga hukumomin lafiya: allurar rigakafin gudan jini ga matan da ke cikin haɗari ta shiga cikin kayan sezariyan na kyauta, ta kuma samu a asibitocin gundumomi, don ba ma'ana a ceci mace ranar Litinin a rasa ta ranar suna saboda ƴan allurai. Na'urar eko da ake duba ciki da ita, idan aka haɗa ta da kan da ya dace aka horar da ma'aikaci, tana iya duba jijiyar ƙafa. Ga kamfanonin sufuri: a riƙa tsayawa a kan lokaci, a wurin da mata za su samu makewayi, kuma yaron mota ya riƙa cewa a sauka a miƙe ƙafa kamar yadda yake cewa a sauka a yi salla. Ga maɗora da wanzamai da ungozomai: ku ne mutane ke fara zuwa wurinku, kuma maganarku ta fi tamu shiga. Wanda a cikinku ya ga ƙafa ɗaya ta kumbura ya ce, "Wannan ba nawa ba ne, ku tafi likita," wallahi mutuncinsa ƙaruwa zai yi. Gidajen rediyo da malamai masu wa'azin mata su ma su ɗauki maganar.

Mu kuma magidanta, arba'in ba ta mata kaɗai ba ce. Sayen ragon suna da itacen wanka bai sauke mana nauyi ba. Ka shiga ɗaki ka tambaye ta yadda take numfashi, ka dubi ƙafafunta biyu. Idan ta ce ƙirjinta na suka, kada ka jira a gama taron suna, baƙi za su ci tuwonsu ko ba ka nan.

Yawancin waɗanda abin ya fi shafa ba sa hawa Facebook, wasu ma ba sa karatu. Don Allah wanda ya karanta ya karanta wa na gida, ko ya naɗi murya ya tura a zauren WhatsApp na dangi. Ko duk an manta, a riƙe abu biyu: ƙafa ɗaya ta kumbura, ba tausa, sai asibiti. Numfashi ya yanke farat ɗaya, ba jira, sai asibiti.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai matafiya gida lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.